Ƙofar Kati da Kullen Ciki: Wa Zai Iya Shigo Maka Kana Barci?

  Na san da yawanku kun fi son mu taɓa farashin raguna ko maganar takardun kan iyaka. To, ku yi mini haƙuri, yau maganar ƙofa za mu yi: ƙofar ɗakin da kake kwana a cikinsa ranar da ka sayar da kayanka, kuɗi suna jikinka, kana baƙo a garin mutane.

Abin da ya jawo maganar wani abu ne da ya faru da ni a Abijan. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla na bi 'yan'uwanmu masu kai raguna don in ɗauko muku rahoto, na sauka a wani ƙaramin otel a Ajame, ba nisa da tashar mota. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, kuma mutanen sun karɓe ni da mutunci. Maimakon makulli sai aka miƙo mini kati, irin farin katin nan mai kama da na banki. Ka kara shi a jikin ƙofa, ta yi 'yar ƙara, koriyar fitila ta kama, ka danna hannun ƙofa ka shiga. Daga ciki akwai ɗan abin murɗawa a saman hannun. Na murɗa shi, na ji ya ce ƙas, na ce madalla, na sa sakata. Na kwanta.

Bayan sallar Asuba na koma barci saboda gajiyar hanya. Can sai na ji ƙofa ta yi ƙarar nan tata. Ina buɗe ido sai ga mai gyaran ɗaki tsaye da bokiti da tsintsiya. Baiwar Allah ta ma fi ni firgita, ta yi ta ba ni haƙuri da Faransanci, ta ja ƙofa ta fita. Ba da sharri ta zo ba, aikinta ta zo yi, ni kuma ba ni da abin sata in ban da salula da na'urar ɗaukar magana. Amma a ɗakin da ke jikin nawa akwai wani dattijo ɗan wajenmu da ya sayar da raguna mota guda a jiyan, kuɗin suna cikin jaka ƙarƙashin matashin kansa. Da muka haɗu wurin mai shayi na ce, "Baba, yaya kake kulle ɗakinka da dare?" Ya ce, "Ai ina murɗa abin nan, ɗana. Ko aljani ba ya shiga." Gabana ya faɗi, don abin nan ɗin dai shi ne na murɗa.

A da wannan tambaya ba ta ma tasowa. Iyayenmu da suka riƙa gangarawa kurmi da shanu suna komowa da goro ba su san otel ba. Kowa yana da maigidansa a zango. A gidansa kake sauka, shi ke haɗa ka da dillali, shi ke tsaya maka in mahauci ya ɗauki sa bashi, shi ke ajiye maka kuɗi har ranar tafiya. Mai tsaron dukiyarka mutum ne da ka san sunansa, ka san ubansa, in ya ci amana kuma labari ya riga shi isa Maraɗi. Tsarin bai mutu ba, har yau akwai masu masauki na gari. Sai dai Abijan ta cika maƙil, ɗaki ya yi tsada, matasanmu kuma sun fi son wurin da za su rufe ƙofa su huta. Don haka da yawa yanzu otel suke kamawa, ko ɗakunan nan da ake bayarwa haya da kayan ɗaki ana biya kwana-kwana, waɗanda can ake ce wa rezidans. Da aka ɗauke kasuwar dabbobi daga wajen mayankar Port-Bouët aka maida ta Ajame a 2024, sai masu kwana a wannan yanki suka ƙaru. Masu jiran kaya daga tashar jirgin ruwa kuwa, su Treichville ce tasu.

Wani zai ce, to a zuba kuɗin a salula mana. Gaskiya ne, ga Orange Money, ga Wave, ga MTN, kuma duk da Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar ECOWAS, sefa ɗaya muke kashewa da Kodebuwa. Wanda zai iya kai kuɗinsa banki kafin a tashi, ya kai, shi ya fi. Amma kun fi ni sani: asusun salula yana da iyakar abin da yake ɗauka, ciniki kuma sau da yawa sai bayan Magariba ake ƙare shi, banki ya rufe. Dole kuɗi su kwana a ɗaki. Shi ya sa ya kamata mu san wannan ƙofa kamar yadda muka san kwaɗon gidanmu.

Bari in faɗa muku yadda take aiki, yadda na bi na tambaya na kuma gwada da hannuna. Katin nan ba shi da batir. A cikinsa akwai ɗan zaren ƙarfe da aka naɗe da wata 'yar ƙwaya mai riƙe bayani. Batir yana cikin ƙofar, galibi irin na rediyo ƙanana guda 4. In ka kawo kati kusa, ƙofar ce ke ba shi ɗan ƙarfin da zai faɗi abin da aka rubuta masa: lambar ɗaki, da ranar da zai fara aiki, da ranar da zai daina. Makullin yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwa da agogo. In ya yarda da katin, sai wani ɗan inji a ciki ya haɗa hannun waje da harshen makulli na 'yan daƙiƙoƙi, ka danna ta buɗe. In bai yarda ba, hannun waje yana juyawa ne kawai a banza, ba ya jan komai. Ana ce masa marar waya don ba a ja masa igiyar wuta ba. Wasu ba sa magana da kowa sai kati. Wasu suna magana ta iska da wani ɗan akwati da ke maƙale a bangon baranda, akwatin kuma yana kai labari ga kwamfutar ofis. Irin waɗannan na biyun, daga ofis ana iya kashe kati ko a buɗe ƙofa ba tare da an tako ba.

To ina kullen ciki ya shigo? Shi ne ɗan abin murɗawa ko maɓallin da ke gefen ciki. Ga wurin da nake so ku kasa kunne. In ka murɗa shi, a makullan otel da yawa ƙarfe na gaske ne yake fita ya shiga jikin katakon ƙofa, shi ne ƙas ɗin da na ji. Amma wannan ƙarfe ba irin sakatar gidanmu ba ce, wadda in ka zura ta sai dai a ɓalla ƙofa. An ƙera shi ne yadda hannun waje zai iya janye shi, muddin ƙwaƙwalwar makullin ta yarda. Abin da murɗawarka ke yi shi ne gaya wa makullin cewa akwai mutum a ciki, ba ya son a shigo. Daga nan sai makullin ya duba dokar da aka rubuta masa. Katin da aka ba izinin ƙetare kullen ciki zai buɗe. Wanda ba a ba ba, jar fitila zai gani. Kun ga ashe kullen ciki roƙo ne kake yi, amsar kuma tana hannun wanda ya tsara na'urar, mutumin da wataƙila ba ka taɓa gani ba.

A wasu makullan ma babu ƙarfen, maɓalli ne kawai da kake dannawa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Kuma akwai na uku, wanda ya fi ban haushi: maɓallin yana nan, amma ba a kunna aikinsa a tsarin ba tun ranar da aka kafa. Ka danna, ka ji daɗi, ka kwanta, alhali ba abin da ya canja.

Yaya za ka san wanne ka samu? Ba sai ka iya Faransanci ba, ba sai ka san kwamfuta ba. Gwaji ne na minti 2, kuma ku da kuke tafiya bibbiyu ko da yaron mota, ya fi muku sauƙi. Ka shiga, ka rufe, ka murɗa kullen ciki, ka bar wa abokin tafiyarka katin ɗakin a waje ya kara. A tsari da yawa katin ɗakin ba zai buɗe ba, wasu otel kuwa suna barin katin mai ɗaki ya wuce, don miji da mata. Ko wanne ka gani, ka dai sani. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na biyu: ka roƙi mai gyaran ɗaki ko yaron da ya rako ka da jaka ya kara nasa katin, kana ciki ka kulle. Ka yi da fara'a, ka ce so kake ka ga yadda abin yake. In jar fitila ta kama, alhamdu lillahi, an tsara shi daidai. In ƙofa ta buɗe, to ka san duk mai katin aiki a gidan nan yana iya shigo maka kana barci, da wanda ke aiki yau, da wanda aka sallama bara in ba a kashe katinsa ba.

Sannan ka je wurin karɓar baƙi ka yi tambaya ɗaya: katin da ke buɗe ko'ina, wanda can suke ce wa pas, guda nawa ne, kuma a hannun wa yake kwana? Na lura da wani abu. Wurin da ke da tsari, nan take za a ba ka amsa: yana wurin manaja, ko yana cikin akwatin ƙarfe, mai aikin dare ne ke sa hannu ya ɗauka. Wurin da aka fara kallon juna ana murmushi, ko aka jawo aljihun tebur ka hango shi a kwance tare da biro da canji, ka riga ka samu amsarka.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan otel ce ta unguwar talakawa. A watan Maris na 2024 wasu masu binciken tsaron na'urori, cikinsu har da Lennert Wouters da Ian Carroll, suka bayyana wa duniya wata ɓaraka a makullan otel samfurin Saflok na kamfanin dormakaba. Ƙofofin da abin ya shafa sun kai miliyan 3 a ƙasashe 131. Sun nuna cewa da tsohon kati guda na otel ɗin, ko da wanda ya daina aiki ne, ana iya haɗa katuna biyu na jabu da za su buɗe kowane ɗaki a gidan. Tun a 2022 suka sanar da kamfanin, aka shiga gyara, amma gyaran sai an bi ƙofa-ƙofa, shi ya sa ya ɗauki lokaci. Abin da ya shafe mu a labarin shi ne, masu binciken sun faɗa ƙarara cewa ƙarfen kullen ciki bai isa ya hana ba, don katin jabun yana iya janye shi, suka ba da shawarar a riƙa sa sarƙar ƙofa. Kafin wannan, a 2012, wani matashi mai suna Cody Brocious ya nuna a wani taro a Las Vegas ta Amurka yadda ake buɗe makullan kamfanin Onity ta wata 'yar kafa da ke ƙarƙashinsu, da na'ura mai arha. In manyan otel na ƙasashen Turawa sun gamu da haka, ina ga makullin da aka sayo a kwali aka kafa da rana ɗaya?

Don haka shawarata ga mai kwana da kuɗi: ka nemi ɗakin da ke da abin da ba ya jin maganar kwamfuta. Sarƙa, ko ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake maƙalawa, ko sakata ta hannu. In babu, ɗan katako da aka fere kamar bakin gatari, ka cusa a ƙarƙashin ƙofa daga ciki, yana rage saurin mai turowa, ya ba ka lokacin farkawa, in dai ƙofar ciki take buɗewa. Kowane kafinta zai yanka maka shi daga guntun da ya zubar. Katin kuma kada ka bar shi cikin takardar da aka rubuta lambar ɗaki, kada ka miƙa wa wani ya riƙe maka. Akwai katuna masu arha da ake kwafe su cikin ɗan lokaci da 'yar na'ura ta hannu. In ya ɓace, ka je nan take a yi maka sabo, ka kuma je ka kara sabon a ƙofa, don a makullan da ba sa magana da ofis, karawar sabon ce ke kashe tsohon.

Amma fa ku tsaya, kada ku ɗauka ina cewa a yi ƙofar da ba mai iya buɗewa daga waje. Wannan ma halaka ce. Nawa ne cikin dattawanmu ke da hawan jini ko ciwon suga, su kwana biyu ko uku a bayan mota daga Yamai ta Wagadugu da Bobo da Bwake, su iso a galabaice? In mutum ya faɗi a banɗaki ya kulle kansa, dole a samu wanda zai iya shiga. In wuta ta tashi, haka. Mutanen Treichville ba su manta gobarar da ta cinye babbar kasuwarsu a 1997 ba. Izinin ƙetare kullen ciki don irin wannan rana aka yi shi, ba don shara ba. Abin da nake ƙi shi ne a raba shi kamar goron suna. Kai kuma mai ɗaki, abin da za ka tokare ƙofa da shi ya zama wanda za ka cire da ƙafa ɗaya cikin duhu. Kada ka jawo gado ko kabad ka datse hanyar fitarka. Ka gaya wa abokin tafiyarka lambar ɗakinka, ku yi alƙawarin buga wa juna salula da Asuba. Lambar 'yan kwana-kwana a Kodebuwa 180 ce, ku ajiye ta.

Wani abu da ya kamata ku gwada tun da rana: kana ciki, ka kulle, ka danna hannun ƙofa. Ya kamata ta buɗe da dannawa ɗaya, ba kati, ba lamba, ko da batir ya mutu, don hannun ciki haɗe yake da harshen makulli kai tsaye. In sai ka yi dabara biyu ko uku kafin ka fita, ka nemi wani ɗaki. Ka kuma sani, da ka buɗe ƙofar kullen ya warware. In ka leƙa karɓar abinci ka dawo, sai ka sake murɗawa.

Yanzu bari in juyo gare ku, Alhazai da Hajiyoyi masu magaza da ofis a Treichville da Ajame, da masu gidajen saukar baƙi, don na san wasunku sun riga sun sa irin wannan makulli, wasu kuma 'ya'yansu na matsa musu a sa. Ba na hana ku. Yana da amfani na gaske: yaron shago ya gudu da makullin ƙarfe, sai ka canja kwaɗo, amma in kati ne sai ka kashe nasa kawai. Sai dai ranar da za a kafa shi, kada ka ba da kuɗi ka tafi masallaci ka dawo a miƙo maka katuna. Ka zauna a wurin.

Abu na farko da za ka tabbatar: wane ne uban makullin? Makullai masu arha da ake sarrafawa da manhajar salula, irin su TTLock da Tuya, salular da aka fara haɗa su da ita ita ce shugaba. Mai kafawa sau da yawa da tasa salular yake haɗawa don ya gama da wuri, sai ya turo maka izini kamar kai ne baƙo. Ka ga kenan shi ne mai gida a ƙofarka, kuma a irin waɗannan makullan shugaba ne ke wuce kullen ciki. Ba lallai yana da mugun nufi ba, amma salularsa na iya ɓacewa, shi ma yana iya barin gari. Ka sa a haɗa da taka tun farko, ko a maido maka shugabancin a gabanka. In makullin mai lambobi ne, yawancinsu da lamba mai sauƙi suke fitowa daga masana'anta, irin 123456. Ka canja ta kafin mai kafawa ya kai bakin titi, kuma kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar salularka, yaranka duk sun san su.

Sai maganar kunna kullen ciki. Ba kowace ƙofa ke buƙatarsa ba. Ɗakin baƙo yana buƙata. Ofishin da kake ƙirga kuɗi da yamma yana buƙata, don kada yaro ya faɗo da baƙo kana tsakiyar damin sefa. Amma ƙofar magaza da mutum 10 ke shige da fice, in ka kunna mata, wata rana ɗan dako zai jingina da maɓallin, kowa ya tsaya a waje. A manyan tsare-tsare masu kwamfuta, ana kunna shi ne ƙofa-ƙofa, a wasu ma sai an kunna a jikin makullin sannan a kunna a kwamfuta, in aka yi ɗaya aka manta ɗaya ba zai yi aiki ba. Akwai kuma waɗanda sai makullin ya tabbatar ƙofa a rufe take kafin ya karɓi kullen, to in ƙofar ta kumbura da damina ba ta zama daidai, ka danna a banza. Abijan kuwa kun san ruwanta, musamman wajen watan Yuni. Shi ya sa nake cewa kada ka yarda da "an yi". Ka shiga ciki da kanka, ka kulle, a kara kowane kati ɗaya bayan ɗaya kana ji.

Izinin ƙetarewa kuma, a ganina, kati 2 sun isa: naka, da na mutum ɗaya da ke kwana kusa wanda za a iya tasa da tsakar dare. Ɗaya ya yi kaɗan, don kana iya kasancewa a Maraɗi ranar da abu ya faru. Kowane kati a rubuta shi da sunan mai riƙe da shi, kada a yi katin "ma'aikata" da kowa ke ɗauka. Dalili shi ne makullin yana ajiye tarihin buɗewa, wane kati, wace rana, ƙarfe nawa. Ranar da kaya suka ɓace, wannan tarihi shi ne shaidarka, kuma shi ne zai wanke yaron da ba shi da laifi. Amma in kati ɗaya mutum 5 ke amfani da shi, tarihin bai gaya maka komai ba. Haka in agogon makullin ya karkace. Duk lokacin da aka canja batir, a duba agogon. Kada ku manta da makullin ƙarfe na gaggawa da ke ɓoye ƙarƙashin murfi a yawancinsu: shi ba ruwansa da kullen ciki na lantarki, kuma a wasu makullan ba ya barin suna a tarihi. Ka ƙirga guda nawa suka zo a kwali, ka karɓe su duka. Na ji labarin wanda ya ajiye nasa a cikin ofishin da makullin ke rufewa. Ranar da batir ya mutu sai da aka kira mai walda.

Batir ɗin ma a sayi mai kyau. Iskar Treichville ta bakin ruwa ce, ga gishiri ga laima, batir mai arha yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki. Makullin yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, da wata ƙara daban ko fitila mai ƙiftawa. In kun ji, ku canja a ranar. Wasu suna da 'yar kafa a ƙasa da za ka ba su wuta daga waje da abin cajin salula, ka tambaya a nuna maka inda take.

Na ga kuma wasu suna sa wa ƙofar magaza makullin maganaɗisu, wanda faranti biyu ke manne da juna. Shi wannan wutar lantarki ce ke riƙe shi. Aka ɗauke wuta, in babu batir na ajiya, ƙofa a buɗe take. An yi shi haka ne da gangan don mutane su tsira in gobara ta tashi, amma kai mai shinkafa buhu ɗari a ciki, da dare ka ƙara da kwaɗonka na ƙarfe bayan kowa ya fita. Masu son na'urar da ke karanta yatsa kuwa, ku sani Kodebuwa tana da dokar kare bayanan mutane tun 2013, hukumar ARTCI ce ke kula da ita, kuma tattara zanen yatsun ma'aikata yana cikin abubuwan da ake neman izini kafin a yi. Ku tambaya kafin ku saya.

Ni dai ranar ban bar otel ɗin nan ba sai da na ga manaja. Na ce, "Yallaɓai, ba ƙara na kawo ba, tambaya ce." Muka hau sama tare, na shiga na kulle, ya kara katin mai shara, ƙofa ta buɗe. Ya kara na mai gyaran famfo, ta buɗe. Ya yi shiru. Ashe shi ma bai sani ba. Da ya kira wanda ya kafa musu, sai ya ce ai duk katunan ma'aikata ya ba su izini ɗaya, don kada a riƙa kiransa ana cewa kati ya ƙi. Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba: aka sake rubuta katunan a kwamfuta, aka bar izinin a kati 2. Da yamma na ja Baba muka gwada ƙofarsa, mai shara ta kara katinta, jar fitila ta kama. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya ce, "To ɗana, kwana ukun da na yi a nan fa?" Washegari kafin mu kama hanyar Wangolo sai da ya tsaya wurin kafinta aka fere masa katako guda biyu, ɗaya nasa, ɗaya na ƙanensa da ke tafe da shanu a makon gaba.

Wanda ya gwada ƙofar masaukinsa a Ajame ko Treichville, ko a Bobo, ko a Kwatano, ya bugo mana ya faɗi abin da ya gani, ba sai ya ambaci sunan gidan ba. Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na hanya Allah ya sauke ku lafiya.